Bushin ɗin motata ya mutu, zan iya canzawa da kaina a gida?

Wani bawan Allah daga Samaru ya turo tambaya, yace Corolla ce gare shi ta 2005, duk sanda ya faɗa rami ko ya hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu sai yaji gwaf-gwaf daga gaba, in ya taka birki kuma sai sitiyari ya ɗan fizge shi gefe. Ya kai wajen gyara an ce masa bushin ne, wato robar da ke mahaɗar ƙarafunan ƙafar mota tana shanye duka. Yace yana da jak da sifanu a gida, ran Asabar ba ya zuwa aiki, shin zai iya yi da kansa ko ya haƙura?

Toh malam, zaka iya. Amma bari in baka amsar yadda zan ba ƙanena, don na daɗe a ƙarƙashin mota, tun ina yaron gareji ana aikena sayo kunu har yau da nake da yara a ƙarƙashina, kuma aikin bushin na cikin ayyukan da a ido kamar ba komai, roba ce kawai za a cire a sa wata, amma yana da wuri biyu ko uku da in ka kuskure to an gudu ne ba a tsira ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar bushin ɗin ne. Mu makanikai muna da wata ɗabi'a, in mota tayi ƙara a ƙasa sai muce bushin, in ta ƙi tashi sai muce fulogi. Gwaf-gwaf ɗin nan abu kusan biyar ke kawo shi: linkejin sitabilaiza (ɗan sandan da ke haɗa ƙafa da sitabilaiza, dogon ƙarfen da ke rage tangaɗin mota), robar sitabilaiza ɗin kanta, bol-joyin (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai), tayirod (sandan da ke kai juyin sitiyari zuwa taya), ko shokazoba da ya mutu. A cikin su wanda na fi kamawa da laifi shine linkeji, kuma shine mafi araha, mintuna kaɗan an canza. Sau nawa mutum zai zo min da sabon lowa-am a hannu, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta ƙasa da jikin mota, ya sayo da tsada, in shiga in duba in ga nashi lafiyarsa ƙalau, ɗan linkeji ne ya sake. Abin da yasa naka nake ganin kamar da gaske bushin ne, shine fizgar nan da kace tana yi in ka taka birki. Linkeji baya yin haka. Babban bushin na bayan lowa-am shine ke riƙe taya kar ta ja baya in an taka birki, in ya yage sai tayar ta matsa, saitin ƙafa ya canza nan take, motar ta karkata. Ka duba tayar gaba ma, in cikin ta ya cinye sumul wajen yana nan da zane, wannan ma shaida ce.

Gwajin ba wuya. Ɗaga motar, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga, in akwai lilo to bol-joyin ne ko bayarin. Ka kama hagu da dama ka jijjiga, in akwai to tayirod. Sannan ka ɗauki liba, ƙarfen nan na masu faci, ka zura tsakanin lowa-am da inda yake ɗaure ka ɗan banƙara kana haskawa da tocilan. Roba mai lafiya zata ɗan motsa ta dawo da ƙarfinta. Matacciya zaka ga ta buɗe baki, ko ta rabu da ƙarfen da ke tsakiyarta, wani sa'in ma kaga ƙarfe na goga ƙarfe har wajen ya yi ƙyalli. Ƙananan tsage-tsage a saman roba kamar faso, wannan ba mutuwa bace, zafin Zariya na watan Maris da Afrilu da bushewar hunturu ba robar da zasu bari ba tsaga. Wadda ta yage har ciki ita ake nufi.

In ka ga robar ta kumbura tayi laushi kamar cingam, ɗaga kai ka duba sama da ita, akwai abin da ke zuba a kanta, baƙin mai ko man sitiyari. Mai yana cin roba. In baka toshe yoyon ba sabuwar ma haka zata bi.

Yanzu sai shawarar da ya kamata ka yanke: bushin kaɗai zaka canza ko lowa-am gaba ɗaya? Ni dai ga wanda zai yi a gida, karo na farko, na fi so ya sayi am ɗin sukutum da bushin ɗinsa a ciki. Dalili, kwance am da mayarwa aikin sifana ne, kowa zai iya. Fitar da tsohon bushin daga cikin am da cusa sabo shine aikin da ke sa mutum zagin kansa, don ba zura shi aka yi ba, matse shi aka yi da injin fires mai ƙarfin tan-tan. Amma nasan halin da ake ciki, kuɗin am biyu ba wasa bane, kuma in naka na asali ne na Toyota bai lanƙwashe ba, wallahi ƙarfensa ya fi na sababbin da yawa da ke kasuwa, asara ce a yar da shi. Akwai hanya ta tsakiya wadda ita nake ba mutane: ka kwance a gida, ka ɗauki am ɗin ka hau mashin ka kai wa masu fires su cire su sa maka sabo, ka dawo ka ɗaura. Kuɗin kaɗan ne, ka huta da guduma.

Maganar saye. In ka shiga wajen masu sifiya a Sabon Gari za a jero maka kala uku ko huɗu a kwali masu kama da juna, kowanne ance orijina. Tafi da tsohon a hannu ka gwada faɗi da tsawo, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Danna robar da farce, ta kirki tana da tauri amma da rai, ta banza ko ta yi tauri kamar robar bokiti ko ta yi ƙyalli da warin ƙonanniyar taya. Lowa-am ɗan Beljiyam kuma, wanda ake kawowa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen 'yan gwangwan, ƙarfen na da kyau amma ka tuna robar da ke ciki tsohuwa ce, mota ta 2005 ta kai shekara 20, ba mamaki robar da za a sayar maka sa'ar wadda ka cire ce. Duba ta da liba kafin ka biya. Sai kuma bushin taya, wanda ake yankowa daga tsohuwar tayar tirela a buga. Direbobin haya na Golf da Sharon masu bin hanyar Funtuwa da Fambeguwa suna son shi don baya mutuwa da wuri. A robar sitabilaiza ban cika faɗa ba. A lowa-am kuwa ban yarda ba, bashi da sassauci, duk dukan da ya kamata roba ta shanye sai ya wuce wa bol-joyin da rak ɗin sitiyari, ka tsira da ɗari ka biya dubu. Kuma ka sayi na gefe biyu. In hagu ya mutu dama na kan hanya, tare suka sha ramin.

Toh ranar aiki. Tun daren Juma'a ka fesa wa duk notukan WD-40, man fesawan nan mai sassauta tsatsa, su kwana suna sha, musamman in motarka irin wadda aka shigo da ita daga Kanada ko arewacin Amurka ce inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, waɗannan ƙasansu tsatsa ne zalla, bol yakan manne da ƙarfen cikin bushin ya ƙi fita sai an yanka.

Kafin ka ɗaga mota, tana tsaye a kan ƙafarta a wuri mai daidai, ɗauko tef ka auna daga tsakiyar wil zuwa bakin fenda, ka rubuta a takarda, hagu da dama. Ajiye lambar nan, zata yi maka amfani a ƙarshe, ita ce ma rabin aikin.

Wajen ɗagawa kuma dan Allah ka saurare ni da kyau. Jak ɗin da ke but na canza taya ne, ba na shiga ƙarƙashin mota ba. Kuma bulo ba abin tokare mota bane. Bulon siminti baya gargaɗi, baya lanƙwasa baya ƙara, fashewa kawai yake. Na taɓa gani da idona a wani gida a Tudun Wada, an kira ni in ƙarasa aikin da wani ya fara, an ɗora mota a kan bulo biyu a tsakar gida mai yashi, muna tsaye muna gaisawa da maigidan bamu ko taɓa ta ba sai jin rugum, bulon ya zama gari, diskin birki ya nutse a ƙasa. Da an ƙara minti biyar da kafaɗata na ƙarƙashinta. Tun ranar ko an ce min sauri ake ban shiga sai na ga ƙarfe. Nemi jak-sitan, ƙafafun ƙarfen da ake ɗora mota a kai, guda biyu, ko aro ne, in babu to kututturen katako mai kauri lafiyayye, a kan siminti ba yashi ba. Ja hanbirki, sa dutse ko katako a bayan tayoyin baya, tayar da ka cire kuma ka tura ta ƙarƙashin motar ta kwanta, in wani abu ya zame ita zata tare. Ka sassauta notin taya tun mota na ƙasa, soket 21 ne a Toyota. Ka ɗaga gaban duka biyu, ba gefe ɗaya ba, don in gefe ɗaya ne sitabilaiza zai riƙa ja da kai. Sannan ka girgiza motar da ƙarfi da hannu biyu, in zata faɗi gara ta faɗi yanzu. Yara kuma a kore su cikin gida, kasan halinsu, inda ake aiki nan suke son leƙe.

Sa'ar da kayi, Corolla irin taka tana da sauƙin kai. Sifirin ɗinta na jikin shokazoba ne, baya zaune a kan lowa-am, saboda haka ba abin da zai fallo ya buge ka. Da Marsandi ce irin 190 ko C-Class ta da, inda sifirin ke zaune a kan am ɗin a matse, da nace maka kar ka soma, wannan in ya kufce yana karya hannu, ya fi haka ma. Da Camry ce ta 2002 zuwa 2006 ko Sienna, da nace ka shirya kwance injin-sit, wato mazaunin inji, ka ɗaga inji kafin ka kai ga bol na gaba. Honda Accord ɗin da ake ce wa EOD kuma bushin uku ne a am ɗinta, da cokalin shokazoba a kai. Taka biyu ne kawai, ƙarami a gaba bol ɗinsa a kwance, babba a baya bol ɗinsa a tsaye, sai bol-joyin da aka ɗaure da am ɗin da noti biyu da bol ɗaya ta ƙasa. Waɗannan ukun ka kwance, kaga baka ma buƙatar dukan bol-joyin ya fita daga mazauninsa. In motar otomatik ce, a gefen direba bol na gaba yakan fito ya tokari kaskon giya, kar ka tsaya kokawa dashi, sassauta sit ka sa jak da katako a ƙasa ka ɗan ɗaga kaɗan ya samu hanya. Abu ɗaya da zaka kiyaye, in am ya fita kar ka ja hob ɗin, wato inda ake ɗaura taya, waje, shaf ɗin da ke kawo juyi daga giya zai iya zarewa daga ciki, ka sayo wa kanka aikin da baka yi niyya ba, kuma kar ka bar nauyi ya rataya a tiyon birki ko wayar ABS. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai. Kuma gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, in ka rikice sai ka leƙa.

In ka dage sai ka cire bushin ɗin da kanka, toh ga yadda ake yi. Da farko kalli babban nan na baya, zaka ga robar ba a cike take ba, akwai ramuka biyu da aka bari a jikinta. Ba ado bane. An yi su ne don ta yi laushi ta wani ɓangare ta yi tauri ta wani, shi yasa take shanye duka amma take riƙe taya. Sa alli ko fenti a jikin am daidai inda ramukan suke kallo, da kuma zurfin da tsohon ya shiga, sabon ma haka zai zauna. Masu fires ma ka tsaya a kansu, da yawa bugawa kawai suke duk yadda ya faɗa.

Fires na talaka shine dogon ƙarfe mai tiredi tun daga sama har ƙasa, mai kauri kamar mili 12 ko 14, da notuka da washa masu kauri, da guntun fayif biyu: ɗaya ɗan ƙasa da faɗin bushin wanda zai tura shi, ɗaya mai faɗi wanda bushin zai faɗa ciki. Ka zura ƙarfen ta tsakiya, ka shafa wa tiredin giris, kayi ta ɗaurewa a hankali. Wani zai fito da ƙara tas kamar an harba bindiga, kar ka tsorata. Wani kuma zai ƙi, tiredin ya cinye. In ya ƙi, huda robar da dirili ka zagaye har tsakiyar ta faɗo, sai ya rage zoben ƙarfe na waje. Cire bakin zarton ƙarfe ka zura ta cikin ramin ka mayar, ka yanka zoben daga ciki a hankali, kana yi kana dubawa, zoben kaɗai kake so ba naman am ba. Da ya kusa rabuwa sa cizil ka lanƙwasa shi ciki, zai saki ya faɗo. Nasan a gareji da yawa wuta ake sa wa, a ƙona robar da gas ɗin walda, hayaƙi baƙi ya turnuƙe unguwa. Yana fita, amma zafi na rage ƙarfin ƙarfe, kuma in am ɗin na alminiyom ne kamar na wasu motocin Jamus to ka kashe shi. A gida ma maƙwabta ba zasu yafe maka ba.

Wajen sa sabo, goge cikin ramin da sanfefa ya yi fes. Wasu na sa bushin a firiza ya kwana don ƙarfen ya ɗan tsuke, yana taimakawa kaɗan, in an samu wuta kenan. Tura shi ta zoben ƙarfe na waje kawai, kar ka taɓa dannawa ko duka ta tsakiya, zaka yaga robar tun bata fara aiki ba. Ya shiga a miƙe, in kaga ya fara karkata tsaya ka gyara, kar kace zai daidaita a hanya. Sannan kar ka shafa wa roba baƙin mai ko giris, na riga na faɗa maka mai na cin ta. Inda ake buƙatar santsi, kamar robar sitabilaiza, ruwan sabulu ya isa.

Yanzu ga wurin da nake so in ka manta komai kar ka manta shi. In ka mayar da am, ka sa bol-bol ɗin bushin ka ɗaure su da hannu kawai, su kama amma kar ka matse. Ba a matse bushin mota na rataye. Mutane na ɗauka bushin juyawa yake a kan bol kamar ƙyauren ƙofa, a'a. Ƙarfen tsakiyar in aka matse shi ya kafe kenan, baya motsi, robar ce ke murɗewa in taya tayi sama ko ƙasa, ta dawo. In ka matse lokacin da taya ke lilo a ƙasa, da ka sauke motar am zai tashi sama, robar ta murɗe, kuma haka zata zauna a murɗe dare da rana ko motar na fake a ƙofar gida. Ramin farko da ka faɗa sai ta ƙara murɗewa fiye da iyakarta. Sati kaɗan ta yage, kazo kana tsine wa mai shago kace ya sayar maka da jabu, alhali hannunka ne. Ni kaina na yi wannan ɓarnar ina yaro, na ɗaure na wani malami tamau ina jin daɗi na gama da wuri, wata bai cika ba ya dawo da ƙarar da ta fi ta da. Maigidana bai ce min komai ba, ya miƙo min tsohon da na sa, ya nuna min yadda yagewar ta bi zagaye kamar an murɗe wuyan kaza, yace in je in sayo wani da kuɗin abincina.

Nan lambar da ka rubuta zata yi aiki. Motar na kan jak-sitan, sa jak a ƙarƙashin am daidai wajen bol-joyin, da ɗan katako a tsakani, ka ɗaga a hankali har awon tsakiyar hob zuwa bakin fenda ya dawo daidai da abin da ka rubuta, ka lura kar motar ta tashi daga kan sitan ɗin. A nan zaka matse. Na gaban mai bol a kwance shine ya fi buƙatar wannan, amma ka matse duka biyun a haka. In wannan ya yi maka wuya, sa taya ka sauke motar, ka lallaɓa a hankali zuwa wajen masu juye ko wankin mota mafi kusa da ke da rami, ka shiga ka matse tana tsaye a kan ƙafarta. In kana da sifana mai awo, bol ɗin am na wannan Corolla 137 ne a ma'aunin Nm, notin taya 103. In babu, matse da dogon hannu sosai, amma banda hawa kan fayif da ƙafa kana tsalle kamar yadda ake yi a bakin titi, haka ake tsinke bol a cikin kurosmemba, ƙarfen da am ke ɗaure a jikinsa, kuma wannan ranar ba zaka ji daɗinta ba.

Daga nan sai wajen alaimen, masu saita ƙafar mota, ba gobe ba, ba in an yi albashi ba. Tsohon saitin an yi shi ne a kan matacciyar roba, yanzu ƙafar ta koma wani wuri, in ka bari sabuwar taya zata cinye kafin ka ankara. Bayan kwana biyu ko uku kana hawa, ka sake bin notukan da sifana ka ji ko akwai wanda ya saki.

Na baya kuwa, in an ce maka su ma sun mutu, manyan biyun nan da ke riƙe da bim ɗin baya, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, waɗannan kar ka taɓa su a gida, sai an sauke bim ɗin ko an samu abin jansu na musamman, kawo su gareji. Kuma ka fara aikin da safe bayan ka karya, kar ka fara da la'asar, don bol ɗaya mai taurin kai zai iya cinye maka awa uku, ga shagunan sifiya da yawa a Sabon Gari basa buɗewa ran Lahadi, in wani abu ya karye motar zata kwana biyu a kan sitan, Litinin ka tafi aiki a Keke.